Tambaya da Amsa: Wayoyin fitilun kala sun zame mini taliya

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni sana'ar dekoreshin nake a Ƙofar Ƙaura nan Katsina, wajen kamu da dina da walima, kuma ina amfani da igiyar fitilar nan ta LED mai canza kala. Matsalata wayoyi, duk igiya ɗaya waya huɗu gare ta da kwantirola da rimot nata, in na jera guda shida bayan kujerar amarya sai ka rantse taliya aka zubar, ga shi in na danna rimot ɗaya sai ta kusa da ita ma ta canza, sannan ƙarshen igiyar farin yana komawa ja-ja. Dan Allah akwai hanyar rage wannan wahala?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Akwai mana, amma bari mu fara da irin wadda ke hannunka. Wayoyi huɗun nan ɗaya ta wuta ce, bol 12, sauran ukun ja da kore da shuɗi ne, kwantirola na kunna kowace tana kashewa da saurin da ido ba ya kamawa, da haka ake haɗa kala. Shi ya sa duk igiyar kala ɗaya take yi a lokaci guda. Rimot ɗin kuma hasken infrared yake turawa irin na talabijin, galibi lambobinsu iri ɗaya ne, kaga dole maƙwabciya ta amsa. In ba ka da kuɗin canji yanzu, ka ajiye kwantirola biyar a jaka, ka bar ɗaya, ka sayi amfilifaya ta RGB, wato mai ƙara wa saƙon kalolin nan uku ƙarfi, ka sa tsakanin igiya da igiya, kowace da adaftarta, duk sai su bi umarni ɗaya.

Amma ni in ka tambaye ni, ka tara kuɗi ka koma igiya mai cif. Wadda ta fi yawo ita ce WS2812B, waya uku kacal, bol 5 da nagetif da wayar data mai kai saƙo. Kowane ƙwai da ɗan cif ɗinsa a ciki, saƙo na shigowa sai na farko ya ɗebi rabonsa, bit 24, takwas-takwas na kowace kala, ya miƙa ragowar ma na gaba, kamar yadda ake zagaya da tiren goro wajen ɗaurin aure kowa ya ɗauki nasa ya tura. Kowace kala tana da mataki 256, in ka haɗa ya haura kala miliyan 16, kuma kowane ƙwai da tasa, nan ne ake samun hasken nan mai gudu kamar ruwa. Ƙaramar kwantirola irin SP110E da wayar hannu ake sarrafa ta ta Bluetooth, in kuma kana da yaro mai taɓa lantarki ya ɗora maka manhajar sarrafa fitilu ta WLED a kan ɗan allon lantarkin nan ESP32, kyauta ce manhajar. Ka kula da kibiyar da aka zana a jikin igiyar, data hanya ɗaya take bi, wallahi na sha ganin an mayar da kaya shago ana cewa matattu ne alhali ta wutsiya aka jona.

Toh ga inda mutane ke faɗuwa. Wayar saƙo ce ta ragu, cin wuta yana nan. Ƙwai ɗaya in ya ba da fari sosai yana jan kusan miliamfiya 60, igiya mai mita 5 da ƙwai 300 ta kai amfiya 18 kenan, wat 90, ba aikin cajar waya ba ne. Ja-jan da kake gani a ƙarshe ma daga nan yake, wuta na raguwa a hanya, shuɗi da kore sun fi ja buƙatar ƙarfin wuta sai su riga shi gajiya. Maganinsa ka ja waya biyu masu kauri daga adafta ka ba igiyar wuta ta farkonta da ta ƙarshenta, in ta yi tsawo har da tsakiya, kuma duk adaftocin da kwantirola ka haɗe nagetif ɗinsu wuri ɗaya, in ba haka ba za ka ga fitilu na rawar ɗari. Ka sa rezisto kamar om 330 a wayar data, kafasito mai 1000 maikirofarad a bakin wuta, kwantirola kuma kusa da ƙwan farko.

Ga mai aikin biki da kullum ana naɗewa ana warwarewa a jefa a bayan keke napep, ni WS2815 nake ba shawara. Bol 12 ce, wuta ta fi nisa a cikinta, tana da wayar data ta ko-ta-kwana, ƙwai ɗaya ya mutu sauran ba su bi shi ba. Waya huɗu ce dai, amma kwantirola ɗaya. Zafin Afrilu a Katsina kuma gam ɗin bayanta ba ya riƙewa, ka nemi kilif.

Tambaya: Malam, hol muke ginawa a Daura, mai wayarin ya ce fitilun kalar sai DMX. Ba cuwa-cuwa ba ce kuwa?

Amsa: A'a Alhaji, gaskiya ya faɗa maka. DMX512 tsarin aika wa fitilu umarni ne, tun 1986 aka fara amfani da shi a Amurka wajen fitilun dandali, kebul ɗaya ke shiga fitila ya fita zuwa ta gaba, tasha 512, fitila mai kala uku tana cin uku, wato har 170 kowace da lambarta. Sai dai kar a jera sama da 32 a layi ɗaya ba tare da sifilita mai raba layi ba, kuma ka ce masa ya toshe ta ƙarshe da rezisto om 120 kafin a rufe silin.