Ba ni da jari, ta ina zan fara sana'a?

'Yar'uwa, kin ce kina son fara ƙuli-ƙuli da man gyaɗa amma ba jari, kuma kina tsoron bashin banki. Tsoron nan naki yana kan hanya. Shawarata ki duba tsarin Mata Masu Dubara.

A yankin Maraɗi ta Nijar aka fara shi a 1991, da taimakon ƙungiyar agaji ta CARE, kuma daga adashen iyayenmu aka ɗauko shi. Mata kamar ashirin zuwa talatin ne ke haɗuwa duk mako, kowacce ta zuba ɗan abin da aka amince a kai. Kuɗin na shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Bambancinsa da adashe shi ne ba sai kin jira kwasarki ba: ki ranci kuɗin tiya biyar ta gyaɗa yau, ki soya, ki sayar, ki mayar. Ƙarshen zagaye, wato wa'adin da aka tsayar, a raba abin da ya taru.

Idan batun kuɗin ruwa, wato ɗan ƙarin da akan ɗora a kan rancen, ya dame ku, ku tambayi malami tun kafin ku tsara dokokinku.

Abu guda nake roƙonki: ki ware kuɗin sana'a daga na cefane, ko da a gwangwanin madara ne. Jarin mata da yawa a tukunyar miya ya narke. Kuma ki sayi gyaɗarki da kaka, lokacin da take araha.