Shin da gaske mata ne suka warware saƙonnin sirri a Yaƙin Duniya na Biyu?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa mata sun taka rawa wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Su ne suka yi aikin da kansu, ko buga takardu kawai aka ba su? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, duka biyun sun faru. A Bletchley Park, cibiyar sirri ta Ingila da ke arewa maso yammacin Landan, ma'aikata sun kai kusan 9,000 a farkon 1945, kuma kusan kashi uku cikin huɗu mata ne. Mafi yawansu rajistar saƙonni suke yi, ko kula da na'urorin warware saƙonnin sirri da ake kira Bombe da Colossus dare da rana, aikin da kuskure ɗaya a cikinsa kan ɓata wahalar yini guda.

Amma akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ce ta buɗe saƙonnin, kuma labarin Mavis Lever ya fi burge ni. Ɗalibar Jamusanci ce a jami'a a Landan lokacin da aka ɗauke ta, ba ta cika shekara ashirin ba. Wata rana ta lura da wani dogon saƙo na sojojin ruwan Italiya wanda babu harafin L ko ɗaya a cikinsa. Ta san raunin Enigma, na'urar da ke sauya haruffan saƙo don ɓoye ma'anarsa, wato ba ta taɓa mayar da harafi ya zama kansa, sai ta gane cewa mai aika saƙon L ɗin ya yi ta dannawa tun daga farko har ƙarshe. Da wannan ta gano yadda aka haɗa wayoyin sabon faifan da ke sauya haruffa a cikin na'urar. A watan Maris na 1941 ta karanta saƙon da ya tona shirin jiragen yaƙin Italiya, sojojin ruwan Ingila kuwa suka tare su a Matapan kusa da Girka, suka nutsar da biyar.

Joan Clarke, masaniyar lissafi da ta yi aiki da Alan Turing, fitaccen mai warware saƙonnin sirri a Bletchley Park, ta zama mataimakiyar shugaban sashenta a 1944, amma sai da aka rubuta ta a matsayin masaniyar harsuna kafin a ƙara mata albashi, abin da nake gani rashin adalci ne ƙarara. A Amurka ma Genevieve Grotjan ce ta gano bakin zaren na'urar saƙonnin sirrin diflomasiyyar Japan a Satumban 1940.

Dalilin da ya sa ba a san su ba shi ne rantsuwar rufe baki da suka yi a ƙarƙashin dokar sirrin gwamnati. Sai a 1974 labarin ya fito fili, kuma kafin nan da yawa daga cikinsu sun yi aure sun tarbiyyantar da 'ya'ya ba tare da mazajensu sun san aikin da suka yi ba.