Amsa ga mai tambaya kan cin bashin NELFUND don karanta Lissafi

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka samu gurbin karanta Lissafi a jami'ar gwamnati, kuɗin rajista ya gagara a gida, Baba kuma bai yarda da bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashin karatu, ba saboda a ganinsa mai digirin Lissafi ƙarshensa alli da allo, da me zai biya? Lissafi na karanta, na koyar a sakandare kafin na koma aikin tantance alƙaluma, don haka ga abin da na gani.

Tsoron Baba yana da tushe, amma wannan bashin ba irin na banki ba ne. Dokar da Tinubu ya sa wa hannu a Afrilun 2024 ta cire sharaɗin kawo masu tsaya maka, kuma babu kuɗin ruwa, wanda shi ne abin da ya fi damun iyayenmu ta fuskar addini. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, kai kuma in ka nema a riƙa ba ka alawus ɗin kashewa na naira 20,000 a wata. Biya sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wanda bai samu aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa.

To mu buga lissafin, tunda sana'ar da za ka shiga ke nan. Mu ƙaddara rajistarka 100,000 ce a shekara, shekara huɗu 400,000. Alawus ɗin nan, in an biya kowane wata, 960,000 ne. Ka lura da kyau: kuɗin kashewar ya ninka na karatun fiye da sau biyu. Jimla 1,360,000. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, 70,000, za a cire masa 7,000 a wata, sai ya haura shekara 16 yana biya. Mai ɗaukar 200,000 bai kai shekara shida ba ya gama. Ga kuma hauhawar farashi da ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024; bashin da ba ya haihuwa, kullum darajarsa raguwa take yi. In a gida za ka zauna kana zuwa lakca, ka karɓi na rajistar kawai, ka bar alawus ɗin.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne kwas ɗin kansa. Kai ka zaɓi Lissafi, ko Injiniya ka nema aka turo ka nan? Rabin ajinmu turowa aka yi. Lissafin jami'a ba na WAEC ba ne. Daga aji biyu lambobi suke ɓacewa, a ce ka kafa hujja a kan abin da kake gani ƙarara gaskiya ne, shafi guda cur babu adadi ko ɗaya. Na ga waɗanda suka zo da A1 suna tsaye gaban allon sakamako sun yi zuru, sun faɗi kwas uku. Wanda ya ƙara shekara ya ƙara bashi, wanda ya fita da sakamako mai rauni kuma shi ne zancen Baba zai tabbata a kansa.

Albashin masu Lissafi ba shi da tsaka-tsaki, shi ya sa ban yarda da masu cewa "ga abin da ake samu" ba. Na yi aiki a wata makarantar kuɗi inda malami ɗaya ke ɗauke da Lissafi da Fiziks daga SS1 zuwa SS3, abin da ake ba shi bai kai alawus ɗin ɗan bautar ƙasa ba, wanda yanzu 77,000 ne. Darasin yamma na masu shirin JAMB ne ke riƙe da gidansa. Su kuma abokan karatunmu da suka shiga banki, inshora, fansho da kamfanonin sadarwa, ba takardar digirin kaɗai ta kai su ba. Kowannensu ya iya Excel sosai, ya ɗora da SQL ko Python, harsunan kwamfuta da ake sarrafa bayanai da su, ya ɗauki kwasa-kwasan ƙididdiga da muhimmanci. Jami'a ba za ta koya maka waɗannan yadda ake buƙata ba, kai za ka nema, tun daga aji biyu. In alawus ɗin za ka karɓa, tara shi ka sayi laftof ko ta hannu ce.

Mai sakamako mai kyau kuma yana da wata ƙofar. Cibiyar AIMS ta koyar da ilimin Lissafi a Afirka, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Ghana, Senegal, Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar nauyin digiri na biyu gaba ɗaya, har abinci da masauki.

Ni dai da ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, in yana son Lissafin, cewa zan yi ya karɓa. Ka zauna da Baba da takarda da biro, ka sa ainihin kuɗin rajistar makarantarku a madadin 100,000 ɗin da na ƙaddara. Kafin ka cike, ka tanadi lambar JAMB, NIN da BVN, ka kuma tabbatar makarantarku ta tura bayananka. In har kun riga kun biya rajistar bana da kuɗinku, ka adana rasit, da shi za ka nemi a mayar maka idan kuɗin NELFUND ya shigo.