Neman Batun Bidiyo da Taimakon Ƙirƙirarriyar Basira

Malam, ka tambaya ko manhajar ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a Nuwamba 2022, za ta iya samo maka batutuwan bidiyo kan Hausawan Legas. Za ta iya, amma gwargwadon bayanin da ka ba ta. Ka faɗa mata cewa masu kallonka 'yan kasuwar Mile 12 ne da mazauna Agege, kuma bidiyonka bai wuce minti 2 ba, sai ta kawo shawarwari irin su bin kwandon tumatir daga gonar Arewa har zuwa hannun dillali. Sai dai ka tantance farashi da sunaye a bakin 'yan kasuwar da kanka, domin takan ƙirƙiro abin da babu shi, kuma Hausarta ba ta kai Turancinta ƙwari ba.