Abin da ke jan baƙi zuwa Montpellier

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa baƙi suke son zama a Montpellier, birnin ɗalibai da ke kudancin Faransa kusa da gaɓar Bahar Rum. A ganina, babban dalili shi ne yawan matasan da suke zuwa karatu daga ƙasashe daban-daban, domin inda baƙi suka yi yawa, sabon zuwa ba ya daɗewa cikin kaɗaici. Tsangayar koyon likitanci ta birnin an kafa ta tun shekarar 1220, kuma har yau tana aiki. Tun watan Disambar 2023 mazauna birnin suke hawa tiram (ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari) da bas kyauta, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Hunturu ba ya tsananta kamar na Paris, amma zafin bazara yana da ƙarfi ƙwarai. Abin da nake so ka kula da shi shi ne masauki, saboda a watan Satumba, lokacin da ɗalibai suke komawa karatu, ɗakuna suna wuyar samu kuma kuɗin haya yana da tsada, don haka ka fara nema tun kafin ka taso.