Ta yaya kitsen fatar ƙwayoyin jiki ke shafar ƙashi?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda tawaya a ƙwayar gado da ta taɓa kitsen fatar ƙwayoyin jiki za ta haifar da ciwon ƙashi, alhali ƙashi da kalsiyam aka san shi. To, kalsiyam ɗin ba ya zama da kansa. Ƙwayoyin da ke gina ƙashi suna tsinko 'yan ƙananan jakunkuna daga fatarsu, kuma cikin waɗannan jakunkunan ne kalsiyam da fosfet ke fara haɗuwa su daskare. In tsarin kitsen fatar ya ɓaci, ginin ya samu matsala tun daga tushe.

Dubi ƙwayar gado SGMS2, wadda aka danganta da wata cutar raunin ƙashi a 2019. Ita ke ba da umarnin sinadarin da ke haɗa kitsen sfingomayelin, ɗaya daga cikin kitsen da ke fatar ƙwayoyin jiki. Wasu tawayoyin ba sa kashe sinadarin, sai dai su riƙe shi a wurin da ba nasa ba cikin ƙwayar jikin, ya yi ta haɗa kitsen a can. Sai ka ga yaro yana ta karaya tun yana ƙarami, ƙashin bayansa na lotsawa, hoton kansa kuma ya nuna wasu zobba masu kauri a ƙoƙon kai. Wasu har gefen fuska kan shanye musu na ɗan lokaci. Shi ya sa yaron da ke yawan karaya ba da wata muguwar faɗuwa ba, ina ganin ya cancanci gwajin gado, ba ƙwayar kalsiyam kaɗai ba.

Tawaya a wata ƙwayar gado mai suna PTDSS1 kuwa akasin haka take yi: kitsen fosfatidilserin ya yi yawa, ƙashi ya yi kauri fiye da kima. Ita ce cutar Lenz-Majewski.