Safiya ɗaya a kasuwar Rialto: yaushe za a je, me za a saya?

Tambaya: Ni da maigidana za mu sauka a Venis, ƙasar Italiya, daga Lahadi zuwa Laraba, kuma masaukinmu yana da ɗan kicin. Ina son zuwa kasuwar kifi da kayan lambu ta Rialto. Wace rana ta fi, kuma yaya zan gane kifin kirki alhali ban iya yarensu ba?

Amsa: 'Yar uwa, ki ware safiyar Talata. Kasuwar kifin ba ta ci ranar Lahadi da Litinin, sai dai masu kayan lambu kan buɗe Litinin. Ki isa wajen ƙarfe 8, lokacin da ƙanƙara ba ta narke ba kuma matan gari suna zaɓen na gidajensu. Da rana ta take, an fara wanke tebura.

Wurin ya cancanci sammakon. Tun shekarar 1097 kasuwa take ci a Rialto, kusan shekara 500 kafin a kammala gadar dutsen da kowa ke ɗauka a hoto, a 1591. Rumfar kifin ta yanzu ginin 1907 ce. Ki ɗaga kai ki nemi wani allon marmara a jikin bango: an sassaƙa mafi ƙanƙantar tsawon kifin da aka yarda a sayar, sadin santimita 7, branzin (wani kifin teku mai farin jini a wurinsu) santimita 12. Mutanen da suka rubuta wannan sun san in aka kwashe ƙanana, baɗi babu manya. Duk lokacin da na tuna allon nan, masuntan garin sukan ƙara girma a idona.

Batun yare kuwa, takardar da ke kan kowane tire za ta taimake ki, domin dokar Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta asalin kifi. Pescato na nufin kamu ne, allevato na kiwo, decongelato kuma wanda aka daskarar aka narkar. Lambar FAO 37, wato lambar yankin tekun da aka kamo kifin, tana nufin Bahar Rum da Bahar Aswad. In kin ga nostrano, mai kaya yana cewa na yankinsu ne. Sauran aikin na ido da hanci ne: idon kifin ya kasance tangaran ya ɗan fito, ƙarƙashin murfin gefen kansa ja jawur, jikinsa na sheƙi. In ƙarni ya doke ki tun daga nesa, ki wuce gaba. Kada ki kai hannu ki taɓa, ba sa so. Nuna da yatsa, mai kifin zai gyara miki shi in kin nema. Kuma ki dafa shi ranar.

Tambaya: Ni otal zan sauka, ba wurin girki. Laifi ne in shiga kallo kawai da ɗaukar hoto?

Amsa: Ba laifi ba ne, Malam, amma ka sayi wani abu ko kaɗan ne. A 1951 tsohon garin Venis yana da mutum kusan 175,000. A 2022 sun gaza 50,000. Masu girkin da ke riƙe da kasuwar sun ragu, masu kallo sun yi yawa, kuma kallo ba ya biyan kuɗin rumfa.

Ka nufi ɓangaren kayan marmari da 'yan tsabar Yuro a hannu. Awonsu etto ne, wato giram 100, don haka za ka iya sayen inabi ko ɓaure daidai cin mutum ɗaya. Ka duba kayan da aka rubuta wa Sant'Erasmo, tsibirin da ke noma wa garin kayan lambu, ana kawo su a jirgin ruwa. Wajen hoto, ka nemi izini, kuma kada ka tare wa mai saye hanya. In za ka koma, kwale-kwalen fito na Santa Sofia yana tashi daga bakin rumfar kifin, ya tsallakar da kai babban mashigin ruwan cikin 'yan mintuna.